Karatu Haɗe da Hidima: Manufofinsa da Siyasarsa a Ƙauyukan Hausawa na Jazira da Shuɗin Nilu

1.0 Gabatarwa

Karatu haɗe da hidima shi ne tsarin da makaranta ke sanya ɗalibi ya yi wa jama'a wani aiki mai amfani, a kuma lissafa aikin a matsayin wani ɓangare na karatunsa. A ƙasar Amurka aka raɗa wa tsarin suna wajen shekarar 1967, kuma a 1992 jihar Merilan ta wajabta wa kowane ɗalibin sakandare yin hidimar awa 75 kafin a ba shi takardar shaidar kammalawa. Sai dai al'adar ta girmi sunan. Tun kafin zuwan boko almajiri ke yi wa malaminsa noma, yana yi wa makaranta itace, ana kuma ɗaukar wannan a matsayin tarbiyya.

Wannan maƙala za ta bi tarihin irin wannan hidima a ƙasar Sudan, musamman yankin Jazira da gaɓar kogin Shuɗin Nilu, inda Hausawa suka kafa ƙauyuka fiye da shekara 100 da suka wuce. Za a duba zamani huɗu: zamanin makarantar allo, da na Turawan mulkin mallaka, da na Jami'ar Jazira, da kuma na hidimar tilas ta shekarun 1990. A kowane zamani tambayoyi uku ne za su yi jagora. Wa ake yi wa hidimar? Wa ya ba da umarnin yin ta? Me ɗalibi ya koya daga cikinta?

2.0 Yadda Hausawa Suka Zauna a Jazira da Shuɗin Nilu

Hanyar aikin hajji ce ta fara kai Hausawa Sudan. Maniyyata kan taso daga Kano ko Katsina ko Damagaram a ƙasa, su ratsa Borno da Wadai da Darfur da Kurdufan, su nufi bakin Bahar Maliya. Tafiyar kan ɗauki shekaru, domin guzuri kan ƙare, sai a tsaya a yi noma ko ƙodago a tara wani. Da yawa ba su ƙarasa ba, wasu kuma sun sauke farali amma ba su koma gida ba.

Babbar ƙaura ta auku ne a 1903. Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na wannan shekara, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira zuwa gabas tare da ɗimbin jama'a. An kashe shi a yaƙin Burmi ranar 27 ga Yuli, 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da sauran jama'a, har suka sauka a garin Shehu Talha da ke bakin Shuɗin Nilu wajen 1906. Daga baya suka ƙetare ruwa suka kafa garin da ake kira Mai Wurno, kudu da Sinnar. Mazauna garin sun haɗa da Fulani da Hausawa da Barebari. Larabawan Sudan kan haɗa su duka su kira su Fallata ko Takarir.

Abu na biyu da ya jawo jama'a shi ne auduga. A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe Shirin Noman Jazira a filin da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. An fara da faddan 300,000, kuma faddan guda ya ɗan ɗara eka ɗaya. Bayan an ƙara yankin Manaƙil a ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960, filin ya haura faddan miliyan 2. An raba gonakin ga manoma 'yan ƙasa, kowace gona ana ce mata hawasha. Ribar auduga kuwa kashi uku aka yi mata: gwamnati ta ɗauki 40 cikin 100, masu hawasha 40, kamfanin Turawa mai gudanar da shirin 20. Babu kason ɗan ƙodago a wannan rabo, alhali shi ne mai shuka da cire ciyawa da tsinkar auduga. Mutanen yamma, wato na Darfur da Cadi da Nijeriya, su ne mafi yawan 'yan ƙodagon. Suka zauna a 'yan unguwanni na bukkoki a gefen magudanan ruwa. Irin wannan mazauni shi ake kira kambo, jam'insa kanabi, kuma kalmar ta samo asali ne daga kalmar Ingilishi mai nufin sansani.

Akwai kuma batun zama ɗan ƙasa. Dokar 1948 da ta 1957 duk sun ce ɗan Sudan na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun daga 31 ga Disamba, 1897. Jama'ar Mai Wurno sun iso bayan wannan rana, haka ma galibin Hausawan Jazira. Dokar 1994 ta dawo da ranar zuwa 1 ga Janairu, 1956, amma kafin nan an yi shekaru da dama ana haihuwar yara a ƙauyukan nan ana lissafa su baƙi. Wannan matsayi shi ne mabuɗin fahimtar duk abin da zai biyo baya.

3.0 Hidima a Makarantar Allo

Makarantar allo a Sudan sunanta halwa. Bahaushe ya san wannan kalma da ma'anar keɓewa don ibada, kuma asalinsu ɗaya ne. Babbar cibiyar da ta haɗa masallaci da makaranta da masaukin baƙi ita ake kira masid. Ɗaya daga cikin mafi shahara ita ce ta Ummu Dubban, gabas da Hartum, wadda Shehu Ubaidu Wad Badar ya kafa a ƙarni na 19.

Hausawan da suka iso sun tarar da tsari mai kama da tsangayar da suka baro. Almajiri, wanda ake ce wa huwar, jam'insa hiran, yakan fita tare da 'yan uwansa yin itace, kuma wannan fita tana da sunanta, wato faz'a. Da itacen ake hura wutar da ake zagayewa ana karatun dare da na asuba, ita ce tugaba. Almajirai ne ke ɗebo ruwa, su share fili, su yi wa baƙi hidima, da damina kuma su shiga gonar malam. Ranar Laraba tana da matsayi na musamman a nan ma: yadda ake kai kuɗin Laraba a ƙasar Hausa, haka ake dafa hatsi a yi sadaka a halwar Sudan.

Manufar wannan hidima iri biyu ce. Ta farko ta fili ce: makarantar ba ta da albashi daga hukuma, saboda haka gumin almajiri ne ke ciyar da ita. Ta biyu kuwa ta tarbiyya ce. An yi imani da cewa hidima tana karya girman kai, tana kuma jawo albarkar malam, kuma karatun da ba albarka a cikinsa ba ya amfanar mai shi. A wajen Hausawan Jazira akwai manufa ta uku. Masanin nan C. Bawa Yamba, a littafinsa na 1995 kan ƙauyukan alhazai na Jazira, ya nuna cewa har jikokin waɗanda suka zo daga Nijeriya suna ɗaukar kansu matafiya ne masu niyyar Makka, kuma da yawansu sun fi son makarantar allo a kan makarantar gwamnati. Ke nan halwa ta zama katangar da ke riƙe harshe da al'ada. Yaron da ke noma gonar malam yana koyon Alƙur'ani, yana kuma koyon ko shi wane ne.

Sai dai tsarin yana da rauninsa. Malam shi ne mai ba da umarni, shi ne mai cin amfanin aikin, shi ne kuma alƙalin da zai ce karatu ya yi ko bai yi ba. Idan mai tsoron Allah ne, yaro ya tashi da karatu da sana'a. Idan ba haka ba, hidima ta rikiɗe ta zama bauta. A 2020 sashen Larabci na BBC ya fitar da wani bincike da ya nuna yara ɗaure da mari a wasu halwowin Sudan, abin da ya tayar da muhawara a ƙasar. Binciken bai shafi dukkan makarantu ba, amma ya nuna abin da kan faru idan babu mai sa ido a kan wanda ake yi wa hidima.

4.0 Zamanin Turawa: Daga Tallafa wa Halwa Zuwa Bakhtar Ruda

A 1924 wasu matasa 'yan boko da hafsoshin soja na ƙungiyar Farar Tuta suka yi wa Turawan Ingila bore. Wannan ya sa Turawa suka yi sanyi da ilimin boko, suka ga cewa makaranta na haifar masu da 'yan adawa. Sai suka koma ga sarakunan gargajiya da malaman halwa. Aka riƙa ba wasu malamai ɗan albashi da horo na gajeren lokaci, don su haɗa da koyar da lissafi da rubutu. Kafin 1930 irin waɗannan makarantu masu samun tallafi sun kai ɗaruruwa. Dalilin hukuma a bayyane yake: karatun yana da araha, kuma ba ya raba yaro da gona.

Da aka ga tsarin bai ba da sakamako mai kyau ba, sai aka kafa makarantar horon malamai ta Bakhtar Ruda a 1934, kusa da garin Duwaim a bakin Farin Nilu. Shugabanta na farko Bature ne, V. L. Griffiths, kuma daga cikin manyan mataimakansa akwai Abdurrahman Ali Taha, wanda ya zama ministan ilimi na farko ɗan ƙasa a 1948. Da gangan aka kai makarantar ƙauye, nesa da Hartum. Ɗalibai na aikin gona da na hannu, suna gudanar da wasu al'amuransu da kansu, suna kuma fita ƙauyukan da ke kewaye. Daga wannan cibiya ne aka fara gwajin yaƙi da jahilci na manya da kulob-kulob na samari, aka kuma samar da littattafan firamare da suka daɗe ana amfani da su.

Mutane biyu za su iya kallon wannan makaranta su ga abu biyu. Malaman da suka yi aiki a cikinta sun ɗauka suna gina ɗabi'a ne, suna kuma haɗa karatu da rayuwar karkara. 'Yan kishin ƙasa da yawa kuwa sun yi zargin cewa ana son a tsare ɗan talaka a gona ne, a bar kujerun ofis ga Turawa. Don haka Ƙungiyar 'Yan Boko da aka kafa a 1938, wadda tunanin kafa ta ya fito daga Ahmad Hair a Wad Madani, ta shiga tara kuɗi daga jama'a tana gina makarantu masu zaman kansu. Ita ma wannan hidima ce, amma jama'a ne suka tsara abarsu.

To ina yaron kambo yake a cikin wannan muhawara? Littafin labarin ƙasa da Bakhtar Ruda ta samar, mai suna Subul Kasbil Aishi fis Sudan, yana kai ɗalibi ziyara wajen wasu yara a sassa daban-daban na ƙasar don ya ga yadda iyayensu ke neman abinci. Yaron da ya wakilci Jazira daga ƙauyen Wad Sulfab yake, ƙauyen masu hawasha. Ba a kai ziyara kambo ba. Haka nan, da gwamnati ta karɓi shirin auduga daga hannun kamfani a 1950, ta kafa Hukumar Jazira mai hedikwata a Barakat, aka ware kashi 2 cikin 100 na ribar auduga don ayyukan raya jama'a: rijiyoyi da azuzuwan manya da gonakin koyar da 'ya'yan manoma. An tsara waɗannan ayyuka ne don ƙauyuka masu rajista da masu hawasha. Kambo kuwa a idon hukuma mazaunin wucin gadi ne, ko da ya shekara 30 a wuri ɗaya. Sai ya zamana yaran da suka fi kowa sanin aikin auduga da hannunsu, su ne ba a lissafa aikin nasu a matsayin karatu ba. Wani na yin noma a makaranta a ba shi maki, wani na yin sa a gonar mutane a ba shi ladan tsinka.

5.0 Jami'ar Jazira da Fitar Ɗalibai Zuwa Ƙauyuka

Misalin da ya fi kusa da ma'anar karatu haɗe da hidima ta zamani shi ne na Jami'ar Jazira. An kafa ta a Wad Madani a 1975, ta ɗauki ɗalibanta na farko a 1978, suka kammala a 1984. Tana cikin jami'o'in gwamnati na farko da aka gina a wajen babban birnin ƙasar. Tsangayar koyon aikin likita, ƙarƙashin shugabanta na farko Farfesa Bashir Hamad, ta ɗauki tsarin da ya saɓa wa na Jami'ar Hartum. Maimakon ɗalibi ya ƙare shekarunsa tsakanin aji da babban asibiti, sai aka mayar da unguwa da ƙauye su zama wani ɓangare na ajin. Tsangayar tana cikin makarantun da suka kafa ƙungiyar duniya ta makarantun kiwon lafiya masu fuskantar al'umma a 1979, da goyon bayan Hukumar Lafiya ta Duniya.

Tsarin yana tafiya kamar haka. Ana haɗa ɗalibi da wani gida a cikin gari, ya riƙa kai ziyara yana bibiyar lafiyar iyalin. Ana kuma raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni a ba shi ƙauye guda. A fita ta farko sukan zauna da mutanen ƙauyen su gano matsalolinsu, su jera su bisa muhimmanci. A fita ta biyu su aiwatar da wani aiki tare da jama'a, kamar gyaran ruwan sha ko gina masai ko wayar da kai. A fita ta uku su auna abin da aikin ya haifar. Kafin kammalawa kuma kowane ɗalibi yakan zauna a asibitin karkara na wani lokaci. Dukkan wannan ana ba da maki a kansa, kuma wanda bai yi ba ba zai fita da digiri ba.

Dalilin wannan tsari a ƙasa yake. Magudanan ruwan da suka kawo arzikin auduga su ne suka kawo zazzaɓin cizon sauro da tsargiya, har ta kai ga kafa Shirin Lafiya na Shuɗin Nilu a 1979 don yaƙi da cututtukan. Waɗanda suka fi kamuwa da tsargiya su ne masu zama a bakin magudana suna sha suna wanka a ciki, wato mutanen kanabi. Likitan da bai taɓa ganin inda cutar ke fitowa ba zai yi ta ba da magani, mara lafiya na komawa cikin ruwan da ya sa masa ciwon.

Jami'ar mata ta Ahfad da ke Omdurman ita ma tana da irin wannan shiri na fita karkara, wanda wajibi ne ga ɗalibanta. Asalin Ahfad daga gaɓar Shuɗin Nilu yake, domin a garin Rufa'a ne Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata a 1907.

A nan ma akwai siyasa, ko da yake ba ta jam'iyya ba ce. Masana ilimi sukan bambanta hidimar jinƙai da hidimar kawo canji. Ɗalibin da ya raba maganin tsargiya ya yi jinƙai. Wanda ya tambayi dalilin da ya sa wannan mazauni ba shi da famfo, alhali ƙauyen da ke kusa da shi yana da shi, ya taɓo batun rajistar ƙasa da na zama ɗan ƙasa, kuma wannan ya fi ƙarfin rahoton ɗalibi. Ƙari a kan haka, ɗalibi da Larabci yake zuwa, kuma shugabannin ƙauye ne ke tarbarsa. Wanda ba ya cikin kwamitin ƙauye, ko tsohuwar da Hausa ta fi zama a bakinta, muryarsu ba ta cika shiga jerin matsaloli ba. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an tambaye shi da harshen da yake ji.

6.0 Hidimar Tilas ta Shekarun 1990

A ranar 30 ga Yuni, 1989, Umar Hasan al-Bashir ya karɓi mulki da ƙarfin soja. Kafin ƙarshen shekarar aka kafa Rundunar Tsaro ta Jama'a, aka kuma fara tura ma'aikata da masu neman shiga jami'a sansanonin horo. A 1992 aka yi dokar hidimar ƙasa. A 1997, lokacin da yaƙin kudu ya yi tsanani, aka ɗaure wannan hidima da takardar shaidar sakandare: namijin da ya gama jarrabawa sai ya shiga sansani kafin ya karɓi takardarsa ko ya wuce jami'a. An kira shirin Izzatus Sudan. An gaya wa iyaye cewa horo ne na tarbiyya da kishin ƙasa, amma an kai wasu daga cikin yaran fagen daga.

A ranar 2 ga Afrilu, 1998, ana dab da Babbar Salla, ɗaliban da ke sansanin Ailafun, a bakin Shuɗin Nilu kudu maso gabas da Hartum, suka nemi izinin zuwa gida yin salla, aka hana su. Da suka yi yunƙurin gudu ta kogi, da yawa suka halaka. Gwamnati ta amsa mutuwar mutum 50 da 'yan kai, ta ce jirgin ruwa ne ya kife da su. 'Yan adawa da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun ce an buɗe masu wuta, kuma adadin ya haura 100.

Kwatanta wannan da shirin yi wa ƙasa hidima na Nijeriya zai taimaka. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ce ta kafa shi a 1973, bayan yaƙin basasa, don a cuɗanya matasan sassan ƙasar. Shi ma tilas ne, shi ma yana da sansani da kaki, kuma takardarsa sharaɗi ce ta samun aiki. Bambancin shi ne ɗan bautar ƙasa na Nijeriya aji ko asibiti ko ofis ake tura shi bayan ya gama karatu, kuma manufar da aka faɗa masa ita ce wadda ake aiwatarwa. A Tanzaniya ma, tsarin ilimi don dogaro da kai da Julius Nyerere ya shelanta a 1967 ya sa kowace makaranta ta mallaki gona. Tilas kaɗai ba ita ce matsalar ba, domin ɗalibin Jami'ar Jazira ma dole ne ya fita ƙauye. Matsalar Ailafun ita ce an yi amfani da sunan karatu don biyan buƙatar da ba ta karatu ba, aka kuma riƙe takardar yaro a matsayin jingina.

Ga 'ya'yan Hausawa da suka kai matakin sakandare a wancan lokaci, hidimar tana da fuska biyu. Haɗari ce kamar yadda take ga kowa. Amma kuma katin kammala hidima takarda ce ta hukuma, mai nuna cewa mai ita ya sauke nauyin da ke kan ɗan ƙasa. Ga al'ummar da aka daɗe ana tambayar asalinta, irin wannan takarda tana da nauyi.

7.0 Rikicin 2022, Yaƙin 2023 da Dawowar Gayya

Cewa hidima ba ta kan zama shaidar zama ɗan gida ba, abin da ya faru a jihar Shuɗin Nilu a 2022 ya tabbatar da shi. Hausawan jihar, waɗanda aka sani da noman bakin kogi da su da kasuwanci, sun nemi a ba su masarautarsu a tsarin mulkin gargajiya. Shugabannin wasu ƙabilun yankin suka ƙi, bisa hujjar cewa sarauta tana tafiya ne da mallakar ƙasa. A watan Yuli faɗa ya ɓarke a Rusairis da kewaye, aka kashe mutum fiye da 100. A watan Oktoba ya sake tashi a Wad al-Mahi, aka rasa kimanin 200. Dubban mutane suka bar gidajensu, makarantu a Damazin da wasu garuruwa suka koma masaukin 'yan gudun hijira.

A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da Dakarun Kai Ɗaukin Gaggawa. Dakarun sun kama Wad Madani a watan Disamba na 2023, aka wawushe Jami'ar Jazira, karatu ya tsaya a faɗin jihar. Sojoji sun ƙwato birnin ranar 11 ga Janairu, 2025. A cikin kwanakin nan aka kai hare-hare kan wasu kanabi bisa zargin mazaunansu da haɗa kai da dakarun, kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton kashe aƙalla mutum 26 a Kambo Tayba.

A wannan hali, da hukuma ta gaza, matasa ne suka tashi. Suka kafa ƙungiyoyin sa kai da ake kira ɗakunan agajin gaggawa, da yawansu ɗalibai ne da sababbin likitoci. Suka buɗe wuraren dafa abinci na jama'a, suka riƙa kwashe marasa lafiya, wasu kuma suna koyar da yara a inda makarantu suka rufe. Kalmomin da ake amfani da su tsofaffi ne. Aikin haɗin gwiwa sunansa nafir, wanda shi ne gayya a Hausa. Wurin dafa abinci kuwa takiyya ake ce masa, sunan da aka aro daga ɗakin ciyar da baƙi na masid. Babu maki a wannan hidima, babu takardar shaida, babu kuma wanda ya ba da umarni.

8.0 Kammalawa

An ga yadda hidimar ɗalibi ta ɗauki kamanni daban-daban a yanki guda. A halwa an yi ta don ciyar da makaranta da neman albarka, kuma amincinta ya rataya a kan halin malam. A Bakhtar Ruda an yi ta don gina ɗabi'a da kusantar da karatu ga karkara, amma cikin iyakar da mulkin mallaka ya shata. A Jami'ar Jazira an haɗa ta da manhaja, aka sa ɗalibi ya tambayi jama'a kafin ya yi masu aiki. A sansanonin shekarun 1990 kuwa an mayar da ita hanyar samun mayaƙa.

Ƙauyukan Hausawa sun tsaya a wani wuri na daban a cikin wannan tarihi. Gumin mazaunansu ya shiga ginin madatsar Sinnar da gonakin auduga, 'ya'yansu sun san aiki tun suna ƙanana, amma tsarin ilimi na hukuma ya daɗe bai lissafa su cikin masu yin hidima ko waɗanda suka cancanci a yi wa ba. Idan aka zo sake gina makarantun Jazira da Shuɗin Nilu, tambayoyi ukun da aka fara da su za su sake tasowa, tare da ta huɗu wadda tarihin kanabi ya ƙara: wa aka lissafa a cikin jama'ar da makaranta ke cewa tana yi wa hidima?